Babi na Bakwai: Hanyar da Tumatir Ke Bi

Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, rani a ƙasar Kura da Bunkure lokacin tafiya ne. Da an gama girbin gero da dawa, an kai amfani rumbu, sai majiya ƙarfi su ɗaura ƙunshinsu su nufi birni ko Kudu ci-rani, a bar gari ga tsofaffi da mata da marina. Aikin da aka ɗora a zamanin Gwamna Audu Bako ya juya wannan lissafi gaba ɗaya. Ruwan Tiga yana gangarowa da kansa ta babbar kanal, ya ratsa Ruwan Kanya, ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai har bakin gonar manomi a Kura da Bunkure da Garun Malam. A kashin farko na aikin an tsara shayar da hekta 22,000, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are. Ƙasar da 'ya'yanta ke fita neman abinci da rani ta koma ƙasar da baƙi ke shigowa nema. Shinkafa, alkama, masara, albasa, attaruhu, sai kuma uwa uba tumatir. Kowanne yana buƙatar hannu, hannun gida kuwa bai isa ba.

Wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya a tsakiyar kakar tumatir ya san Kwanar Gafan. Kasuwa ce da ke rayuwa 'yan watanni a shekara, amma a waɗannan watanni gari ce sukutum. Kwanduna jere iya ganinka, an lulluɓe bakinsu, 'yan dako suna ɗaga su ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin manyan motocin da za su kwana a hanya su wayi gari suna tunkarar kasuwar Mile 12 ta Legas ko kasuwannin Gabas. Tumatir ba ya jira, don haka kasuwar ba ta barci. Ga dillali da kuɗi a aljihu, ga direba da yaron mota suna jiran lodi kwana biyu ko uku, ga ɗan ƙwadagon da ya baro iyalinsa a Jigawa ko Katsina ko ƙetaren iyaka, yana kwana a bukkar zana. Ga masu abinci, ga mai shayi, ga mai kemis da ya kafa tebur. A bayan rumfuna kuma akwai matan da su ma kakar ce ta kawo su, waɗanda kowa ya san da zamansu, ba kuma wanda ke son a ji sunansu a bakinsa.

Na fara da kasuwa ne saboda ba a fahimtar tarihin ƙanjamau a wannan yanki daga cikin asibiti kaɗai. A ko'ina cikin Afirka an ga abu guda: cutar tana bin titin mota, tana yada zango inda maza ke nesa da gida, kuɗi na yawo a hannu, mata kuma talauci ya tura su. Daga nan sai ta bi mutum ta koma gida, ta shiga ɗakin matar da ba ta taɓa taka kasuwar ba.

A watan Yunin 1981 likitoci a Amurka suka fara ba da rahoton wata rashin lafiya da ke rusa garkuwar jikin samari masu ƙarfi. A 1983 masu bincike a Cibiyar Pasteur ta Faransa, Luc Montagnier da Françoise Barré-Sinoussi, suka gano ƙwayar cutar. Najeriya ta sanar da masu cutar na farko a 1986, ciki har da wata yarinya 'yar shekara 13 a Legas. Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ya yi ta gargaɗi, amma a Arewa mutane da yawa sun ɗauka ciwon Turawa ne, ko na 'yan Kudu, ko na 'yan bariki, ko ma dai ƙirƙira ce don a hana mu haihuwa. Gwajin da aka yi wa mata masu zuwa awon ciki a 1991 ya nuna kashi 1.8 cikin ɗari na ɗauke da ƙwayar. Zuwa 2001 adadin ya kai kashi 5.8. A tsakanin nan ne, a watan Agustan 1997, Olikoye ya tsaya gaban 'yan jarida ya faɗa wa duniya cewa ƙanjamau ce ta kashe ƙaninsa, mawaƙi Fela. Ban san wani babban gida a ƙasar nan da ya yi irin wannan ƙarfin hali kafinsa ba, kuma har yau ba su da yawa.

A ƙauyukanmu cutar ta shigo ne ba suna. Mutum zai dawo daga Kudu a rame, ga gudawa da ba ta tsayawa, ga tari, ga ƙuraje a baki. A ce sammu ne, a ce iska ce, a ce shawara ce ta yi masa yawa. A sayar da akuya, a jinginar da gona, a zagaya masu magani. Idan ya rasu matarsa ta yi takaba, ta fita, ta yi wani aure kamar yadda addini da al'ada suka halatta mata, ba ita ba sabon mijin ba wanda ya san abin da ke jininta. Bayan shekara biyu ko uku jaririnta ya ƙi girma. Da sunan cutar ya bayyana, sai ya zo da abin da ya fi ciwon zafi. Aka riƙa ce mata kabari kusa. Aka ware wa majinyaci kwanonsa da moɗarsa, aka daina cin abin hannunsa, alhali babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke yaɗa ta. Masu iƙirarin warkarwa suka cika gidajen rediyo da tashoshin mota. Kuma dole a faɗi gaskiya, rashin yardar mutanen Kano da maganin da ke zuwa daga waje ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana, shari'ar da ta biyo baya ta ɗauki shekaru. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, ɗaya daga cikin jita-jitar da ta fi yawo ita ce wai an zuba ƙwayar ƙanjamau a cikin ɗigon. Duk ma'aikacin lafiyar da ya shiga ƙauye a waɗannan shekaru da kayan gwajin jini, wannan tarihi ne ke tarbarsa a ƙofar gari.

Duk da haka, a cikin wannan duhu ne jama'a suka yi wani abu da ba a cika yaba musu a kai ba. Suka sauya yadda ake aski.

Wanzami a ƙasar Hausa ba mai aski ne kawai ba. Shi ke yi wa jariri askin suna, shi ke cire beli, shi ke kaciya, shi ke tsaga da ƙaho. A zabirarsa akwai asake da ya gada, yana wasa su a fata, ya gama da wannan kai ya goge ya kama na gaba. Da aka fara shela a rediyo cewa jini na ɗaukar cutar, ba wanda ya ce a daina kaciya ko a bar askin suna, da an faɗa ma ba mai ji. Abin da ya faru shi ne reza ta shigo. Yau a kasuwar Kura ko ta Bunkure za ka ga mai aski ya zaro sabuwar reza, ya ɗaga ta yadda mai kai zai gani, ya yage takardarta a gabansa, ya karya ta biyu ya ɗaura a mariƙi. Wannan ɗagawar shaida ce, kuma ta zama ladabin sana'a. Uban jariri kan saya wa wanzami reza tun daren suna. Mai yankan farce ya koyi ƙona almakashinsa ko tsoma shi a ruwan magani, wasu kuma suka koma yawo da abin yankan farcensu a aljihu. Ba doka ce ta tilasta wannan ba, ba kuma wanda aka kama. An bar wa mutane al'adarsu, aka cire mata haƙorin da ke cizo. Abin da masana lafiya ke kira rage illa ke nan: idan ba za ka iya hana abu yau ba, ka rage ɓarnar da yake yi, ka tsare ran mai yinsa da na waɗanda ke kewaye da shi.

Bincike daga baya ya nuna cewa rabon aska a yaɗuwar ƙanjamau kaɗan ne. Inda sabuwar reza ta fi amfani shi ne ciwon hanta, domin ƙwayar nau'in B ta fi ta ƙanjamau saurin kamu ninki 50 zuwa 100, kuma kimanin kashi 8 cikin ɗari na manyan Najeriya na ɗauke da ita. Ƙarfen da ya fi aska haɗari shi ne allura. Mu mutane ne masu son allura, har wani na ganin idan ba a tsira masa ba ba a yi masa magani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2000 kaɗai, allurar da aka maimaita amfani da ita ta sa wa mutum 260,000 ƙanjamau a duniya, ta sa wa miliyan 21 ciwon hanta nau'in B. A nan ma gyaran da aka samu irin na reza ne: sirinji mai amfani sau ɗaya, a fasa ledarsa a gaban mai jinya. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Babban sauyi ya zo ne da magani. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fara rabon magungunan rage kaifin cutar a cibiyoyi 25, da nufin kai wa manya 10,000 da yara 5,000, majinyaci na biyan naira 1,000 a wata. Ɗigo ne a cikin teku, kuma ba a jima ba maganin ya yanke. Tallafin shirin PEPFAR na Amurka daga 2004, da na Asusun Duniya, su suka faɗaɗa abin, a 2006 kuma aka mayar da maganin kyauta. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya zama babbar cibiya, daga baya aikin ya sauka zuwa manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Yau yawancin masu cutar ƙwaya ɗaya suke haɗiya a rana. Wanda ya riƙe ta ba fashi, ƙwayar cutar kan ragu a jininsa har na'ura ta kasa ganinta, kuma bincike tun daga 2011 ya tabbatar cewa mai irin wannan matsayi ba ya sa wa matarsa ko mijinta. Mai ciki da ba ta shan magani, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari ne ke kamuwa daga irinta. Da magani adadin kan faɗo ƙasa da 5. Wannan labari har yanzu bai isa kunnen mutane da yawa a karkara ba, shi ya sa za ka tarar da mace tana ɓare takardar jikin robar maganinta, ko ta juye ƙwayoyin a kwalbar wani abu ta tura ƙarƙashin gado don kada kishiya ta gani.

Mai binciken al'adu Kathryn Rhine ta zauna da mata masu cutar a Kano, ta fitar da littafi a kansu a 2016. Abin da ta tarar duk Bahaushe zai gane shi: bayan magani, babbar damuwarsu rufin asiri ce da aure. Ƙungiyoyin masu cutar, waɗanda aka kafa don ƙarfafa wa juna gwiwa, sun zama wurin neman miji da mata. A Bauchi hukumar yaƙi da cutar ta jiha da kanta ta riƙa haɗa irin wannan aure. A Kano, da Hukumar Hisba ta fara auren zawarawa a 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, ta sa gwajin jini ya zama sharaɗi. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila kafin kowane ɗaurin aure. Ina goyon bayan wannan doka, musamman a ƙasar da ake yawan saki da sake aure, inda mutum ɗaya zai iya shigar da cuta ɗakuna uku. Amma takarda ba ta wadatar ba. Wanda ya kamu a 'yan makonnin nan gwaji na iya nuna ba shi da komai. Takardar bogi ana sayenta. Kuma a ƙauye, inda mai gwajin ɗan unguwarku ne, idan aka fasa aure bayan an dawo daga asibiti, gari ya gama karanta sakamakon, yawanci kuma yarinyar ce ke ɗaukar tabon. Dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014 tana nan, sai dai mutum nawa ne a Bunkure suka san da ita?

Babban binciken ƙasa da aka yi gida-gida a 2018 ya kawo labari mai daɗi: kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar, kimanin mutum miliyan 1.9 a ƙasar baki ɗaya, Arewa maso Yamma kuma kashi 0.6 kacal. Amma wannan adadi na iya sa mu barci. Wani binciken da aka yi a jihohi 12 a 2020, wanda ya nemi rukunan da ba a samunsu a gida, ya tarar da sama da kashi 15 a cikin mata masu zaman kansu, da kusan kashi 11 a cikin masu tsira wa kansu allurar maye. Cutar ta ja da baya daga tsakar gida, ta taru a wurin mutanen da muka fi jin kunyar ambata.

Shaye-shaye a yankin noman rani ba daga nishaɗi yake farawa ba. Daga aiki yake farawa. Dashen shinkafa a sunkuye cikin ruwa tun sassafe, yanka da bugu, ɗaukar kwandon tumatir daga gona zuwa bakin titi, duk a kan jinga: iya abin da ka yi, iya abin da za ka karɓa. A da gadagi ake sha a wurin mai shayi don a ji ƙarfi. Sai tiramol ta zo. Likita kan rubuta mai miligiram 50 ko 100, amma wadda ke yawo a kasuwa ta kai 200 har 225. Yaro ya sha ɗaya ya yi aikin mutum biyu, bayan wata shida sai ya sha uku kafin ya iya tashi daga shimfiɗa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnati, a rahotonsa na 2018, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda, ɗaya cikin huɗu mace ce, a Jihar Kano kuma kashi 16 cikin ɗari ne na masu shekara 15 zuwa 64. A cikinsu kimanin 80,000 a faɗin ƙasa allura suke yi. A shekarar ce BBC ta fitar da rahotonta kan kodin, washegari gwamnati ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Haramcin ya ɗauke kwalba daga kanta, bai ɗauke jarabar daga jikin masu ita ba, kuma wanda jiki ke nema zai nemi madadi.

Allurar da aka fi sani a nan ita ce fenta, maganin kashe zafin ciwo da ake yi wa masu sikila da waɗanda aka yi wa tiyata. Wasu ta hanyar jinya ta kama su, ba su taɓa zama a majalisar 'yan shaye-shaye ba. Wanda ya daɗe yana yi za ka ga cinyarsa da damtsensa sun ƙandare, ga gyambo da ba ya warkewa. Haɗarin ƙanjamau a nan ba a cikin ruwan maganin yake ba, a cikin sirinjin yake. Ɗan jinin da ya maƙale a gindin allura na iya riƙe ƙwayar da rai kwanaki, wani lokaci makonni. Idan samari huɗu suka haɗa kuɗi suka sayi kwalba ɗaya da sirinji ɗaya, sun haɗa jininsu ke nan.

Birnin Edinbura na Sikotland ya koya wa duniya wannan darasi da tsada. A farkon shekarun 1980, da hodar hiroyin ta yi yawa a unguwannin talakawa, 'yan sanda suka matsa wa masu kantin magani su daina sayar da sirinji, suna kuma ƙwace duk wanda suka samu a jikin matasa. Niyyarsu mai kyau ce: babu allura, babu shaye-shaye. Matasan ba su daina ba, sai suka koma mutum goma ko ashirin a kan sirinji guda. Da wani likitan unguwa, Dakta Roy Robertson, ya gwada jinin masu allurar da ke zuwa wurinsa, sakamakon da ya wallafa a 1986 ya nuna kusan rabinsu sun kamu. A Amstadam kuwa tun 1984 ƙungiyar masu shaye-shayen da kansu, tare da hukumar lafiya ta birnin, suka fara karɓar tsohon sirinji suna ba da sabo. A 1987 gwamnatin Margaret Thatcher, wadda ba wanda zai zarge ta da sassauci, ta amince a gwada irin wannan a Birtaniya. Shekaru kusan arba'in na bincike sun nuna musayar sirinji na rage yaɗuwar ƙanjamau, kuma ba ta ƙara yawan masu shaye-shaye.

Na san abin da ke ran mai karatu, domin tambaya ce ta gaskiya: ashe ba taimakon saɓo ba ne ka miƙa wa ɗan maye allura? Ƙasashen Musulmi sun riga mu fuskantar ta. A Iran, inda allura ce kan gaba wajen yaɗa cutar a lokacin, an buɗe asibiti a Kirmanshah a shekarar 2000 da ya haɗa jinyar ƙanjamau da ta shaye-shaye da ta cututtukan saduwa a rufi ɗaya, a 2005 kuma shugaban ɓangaren shari'a na ƙasar ya umarci alƙalai kada su tsoma baki a aikin masu raba sirinji da maganin metadon. Malesiya ta fara metadon a 2005, musayar sirinji a 2006, har a 2010 aka buɗe wurin ba da metadon a harabar Masallacin Ar-Rahman na Kuala Lumpur. A can masu allura su ne mafi yawan sababbin kamu a da, yanzu sun koma ɗan ƙaramin kaso. A nan kusa, Senegal ta buɗe irin wannan cibiya a Asibitin Fann na Dakar a 2014. Hujjar da malaman waɗannan ƙasashe suka dogara da ita ba baƙuwa ba ce a zaurukan karatunmu: tsare rai na cikin manyan manufofin shari'a, kuma idan ɓarna biyu suka haɗu ba makawa, ana ɗaukar mafi sauƙi don kauce wa mafi girma. Ba cewa aka yi maye ya halatta ba. Cewa aka yi wanda ke raye ana iya yi masa magani, yana iya tuba, matarsa da jaririnsa kuma ba su yi laifin komai ba.

Najeriya ta gwada musayar sirinji a 2020 a jihohin Gombe da Oyo da Abiya, kuma babban tsarin ƙasa na yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2021 zuwa 2025 ya ambaci rage illa a fili. A Kano dai abin da muka fi sabawa da shi kame ne da tsarewa: samamen NDLEA da Hisba, cibiyar gyaran tarbiyya ta Kiru, da gidajen mari waɗanda aka rufe da yawansu a 2019 bayan abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna. Kwanar Gafan ma ta sha samame, kuma bayan wasunsu an sanar cewa an samu masu ɗauke da ƙwayar a cikin waɗanda aka kama. Ba na raina damuwar mutanen garuruwan da ke kewaye, masu ganin 'ya'yansu na lalacewa a ƙofar gidansu, kuma dillalin ƙwaya ya cancanci hukunci. Amma a duba abin da samame ke haifarwa ta fuskar lafiya. Matar da aka yi wa gwaji a tsare, aka karanta sakamakonta ga 'yan jarida, ba za ta sake kai kanta wurin gwaji ba, haka ƙawayenta da suka tsere ta bayan rumfa. Idan an taɓa kafa hujja da kororon roba a jakar wata, gobe ba mai ɗauka. Wadda ke kan magani, idan ta kwana bakwai a tsare ba ƙwayarta, cutar na iya farfaɗowa a jininta. Kasuwar kuma ba ta mutu ba, ta watse ne zuwa wasu kwanoni inda ba ma'aikacin lafiyar da ya san hanya.

Manomin Kadawa ya san cewa ruwan kanal na kawo tsargiya da sauro. Bai taɓa cewa a toshe Tiga ba, bai kuma jira ranar da yara za su daina wanka a kanal ba. Ana raba maganin tsargiya a makarantu, ana raba gidan sauro, noma na ci gaba. Abin da kasuwar kaka ke buƙata bai fi haka wuya ba: rumfa guda a cikin rumfuna, daga fara ɗiban tumatir zuwa ƙarewarsa, a buɗe da dare lokacin da mutanen ke da sarari. A yi gwaji a asirce ba tare da tambayar daga ina kake ba. A ba da kororon roba da sabon sirinji, a karɓi tsoho a ƙona don kada yara masu tsince-tsince su taka. A wanke gyambo. A ajiye naloksan, allurar da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi. A sanar da mutane cewa wanda ya yi mu'amala mai haɗari, ko matar da aka yi wa fyaɗe, akwai maganin kariya na kwana 28 idan an fara shi cikin awa 72. Wanda ya ce ya gaji yana son dainawa, a san inda za a kai shi a ranar. Irin wannan rumfa ba ta aiki sai da mutanen cikin kasuwar: shugabannin direbobi, sarkin kasuwa, uwar ɗakin matan, da tsofaffin 'yan allura da suka daina, domin su ne aka yarda da su. Tana kuma buƙatar fahimtar juna da Hisba da 'yan sanda cewa ba a kame a bakinta.

Akwai kuma matsalar ɗan ci-rani da ke kan magani. Katinsa na asibitin garinsu, shi kuma yana Kura wata huɗu. Idan ƙwayarsa ta ƙare a tsakiyar kaka, zaɓinsa biyu ne: ya bar jinga ya biya kuɗin mota ya koma, ko ya yi shiru ya tsallake. Yawanci tsallakewa ake yi, tsallake kuwa shi ke sa ƙwayar cutar ta bijire wa magani. Tsarin ƙasa ya yarda a ba wanda jikinsa ya daidaita maganin wata uku zuwa shida a lokaci guda, sai dai hakan na yiwuwa ne idan akwai maganin a sito. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, abin da ya girgiza shirin da ya dogara da kuɗin waje fiye da shekara ashirin. Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani na gaggawa. Magani shi ake fara ceto a irin wannan hali, aikin fita neman mutane a kasuwa da tasha kuwa shi ake fara yankewa. Idan za a kafa rumfar Kwanar Gafan, daga kasafin Jihar Kano da na ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam kuɗinta zai fito.